Jan Ruwa a Bayan Ɗa'ifa

Ban iya iyo ba, kuma ban taɓa ɗaukar wannan abin kunya ba. A Utaibiyya ta Makka aka haife ni, unguwar da ruwa mafi zurfi a cikinta shi ne na tankin saman bene. Kawu ne kawai, ƙanin mahaifiyata, yake kallona da tausayi a kan haka, kamar wanda aka haifa da wata nakasa. Shi Basarke ne daga Yawuri, masunci ɗan masunci. Inna takan ce tun bai gama iya tafiya ba ake jefa shi gulbi ya fito da kansa.

Ya zo umara ina makarantar sakandare, bai koma ba. Mu ta wajen mahaifina 'yan ƙasa ne, don kakana tun zamanin tafiyar ƙafa ya iso Makka. Inna ma da aka auro daga gida takardunta lafiya lau. Kawu kaɗai ne a gidanmu ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ba shi da komai sai tsohon fasfo da ya daɗe da mutuwa. Ba neman duniya ya zaunar da shi ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi aure, shi kuwa ya ƙudura a ransa cewa a Makka zai mutu, a yi masa salla a Harami, a binne shi a ƙasar nan. Yakan faɗi haka ba tare da sanyaya murya ba, yadda mutum zai gaya maka motar da yake jira.

Saboda wannan buri ya koyi zama ba a ganinsa. Ya san duk lungun da zai kai shi masallaci ba tare da ya taka babban titi ba. Yana tura keken tsofaffi idan an samu, yana fiɗa a lokacin layya, sauran kwanaki yana ɗakinsa na saman bene. Bai taɓa tsallake shingen binciken da ke bakin gari ba tun ranar da ya shigo. Idan aka buga mana ƙofa da ƙarfi, Inna takan sandare da ludayi a hannu har sai an ji muryar mai bugawa. Cikin wannan na girma, har na saba da faɗuwar gaba yadda aka saba da zafi.

Kamun kifi kuwa a sama na tsince shi. Ina aiki a wani kamfanin motocin alhazai a Kudai, nan cikin Makka, kuma idan aikin hajji ya ƙare kaina kan yi kamar zai tsage don hon da hayaƙi. Wata shekara abokan aiki suka ja ni zuwa wani wurin shaƙatawa na gwamnati a cikin duwatsun kudu da Ɗa'ifa, inda wata ƙorama ke gangarowa ta cikin kwari, ruwanta garau har kana ganin tsakuwar ƙasa. An yarda a yi fatsa a wurin, ban da taru. Na kama wata 'yar karfasa da ba ta kai tafin hannuna ba, na yi ihu kamar na kama giwan ruwa. Kafin wata ya zagayo na sayi sandar fatsa mai injin naɗe zare, da akwatin ƙugiyoyi, da wata malafa da Inna ta ce ta mai da ni kamar mai tallan rake.

Ranar da Kawu ya ji cewa idan mun kama kifin sakinsa muke yi, sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"Ka kama kihi, ka sake shi?"

"E, Kawu. Don nishaɗi ne kawai."

"To mi ya yi maka da za ka huda mai baki? In ba ci za ka yi ba, ka bar bawan Allah ya sha ruwanai."

Na yi wata guda ina shan tsiya. Idan na shigo gida sai ya tambaye ni ko na gaishe da abokaina na cikin ruwa. Ni kuma ba na iya haɗiye magana, sai in ce masa masuncin da ya shekara ashirin bai ga gulbi ba ai ya zama mai ba da labari. Yakan yi dariya, amma wata rana da na faɗa bai yi ba. Ya ce in nuna masa wurin a waya. Na buɗe masa bidiyon da na ɗauka, ya riƙe wayar da hannu biyu, ya kara ta a kunne don ya ji ƙarar ruwan. Da ya ƙare ya ce in maimaita. Ban san sau nawa na maimaita ba.

Daga nan ya tasa ni a gaba sai na kai shi. Inna ta ce atafau ba za a yi ba. Ta tuna masa shingen fita da askar, jami'an tsaron da ke gadinsa, ta tuna masa na dawowa, ta ce bayan duk wannan haƙurin zai je ya miƙa kansa saboda kifin da ko miya ba zai yi ba. Shi kuwa ya ce, "Yaya, so ɗaya tak. In sa ƙahwata cikin ruwa mai tahiya kahin in mutu." Ban taɓa jin ya roƙi wani abu a gidan nan ba sai ranar. Kwana biyu suka wuce. A na uku ta same ni a kicin, ta kama hannun rigata.

"Yadda ka fita da shi, haka za ka maido mini shi. Kada ka bari askar ya tambaye shi ko da sunansa. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Muka fita bayan sallar asuba, a ƙarshen bazara, lokacin da alhazai sun watse kuma bincike ya yi sauƙi. Na ba shi farar jallabiyata da jan ƙyallen kai irin na Larabawa, na ce idan mun kusa shinge ya yi kamar yana barci. Da na hango fitilun shingen, na rage gudu na bi layi. Motar gabanmu aka tsayar, aka buɗe bayanta. Da aka zo kanmu, askar ya leƙo, ya dubi lambar motar, ya dubi dattijon da ya saki baki yana minshari, ya ɗaga mana hannu. Sai da muka yi nisa Kawu ya buɗe ido ɗaya ya ce minsharin bai yi yawa ba ko. Na ce ya yi, har ya so ya ɓata wasan.

Hawan dutsen Hada ya ba shi tsoro fiye da askar. Hanyar tana nannaɗe dutse, gefe guda rami ne da ba ka ganin ƙarshensa, birai zaune a kan katanga suna kallon motoci. Ya riƙe ƙofa yana salati, yana cewa kunnuwansa sun toshe. Na samu abin ramawa, na ce ashe sarkin ruwa bawan dutse ne. Muka wuce Ɗa'ifa, muka miƙi hanyar kudu, iska ta yi sanyi har na kashe na'urar sanyaya mota. Rana ta ɗaga sosai kafin mu isa ƙofar wurin.

Daga inda ake ajiye motoci sai an gangara da ƙafa, ta wata siririyar hanya tsakanin bishiyoyi, kafin a kai ƙasan kwarin. Akwai allo a bakin hanyar da ke gargaɗi a kan sel, wato ambaliyar da ke biyo kwari. Na sha wuce shi, kuma na san abin da yake faɗa, kowane ɗan Makka ya sani. Ranar sararin sama fes yake, don haka na wuce shi kamar kullum.

Da muka iso bakin ƙoramar Kawu ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire takalmi, ya naɗe jallabiya zuwa gwiwa, ya shiga a hankali, ya ɗebi ruwan da tafi ya shafa a fuska, ya kurɓa. Na juya na yi kamar ina gyara zare, don na ga haɓarsa na rawa. Da ya samu kansa sai ya ce, "Wanga shi na gulbin naku? Wanga ai ruwan alwala na." Amma muryarsa ba ta fita daidai ba.

Sandata mai tsada ko kallonta bai yi ba. Ya ce in yanko masa zare da ƙugiya ɗaya, ya naɗe a wani guntun icce, ya tona gindin ciyawa ya ciro tana. Kafin in gama ɗaura ƙotona na roba ya fizgo kifi biyu. Ya dube su, ya dube ni, ya yi tsaki, ya mayar da su ruwa yana ce musu su gode wa ɗan Makka. Can sai ya hango wani ƙaton dutse a tsakiyar ƙoramar, wanda ruwa ya yi gurbi mai zurfi a gindinsa, ya ce manyan suna can. Ya ratsa ruwan da bai wuce cinyarsa ba, ya haye, ya zauna a gefen dutsen ƙafafunsa na lilo. Ni na tsaya a gaɓa inda na saba, wurin da ruwa ba ya wuce idon sawu. Wasu iyali na can ƙasa da mu sun shimfiɗa darduma suna gasa nama.

Bayan azahar na lura ban ƙara ganin tsakuwar ƙasan ruwan ba. Na ɗauka inuwa ce. Sai na ga ruwan ya koma kalar shayi da madara, ga 'yan tsinke da busassun ganye suna wucewa, ga kashin awaki, ga wata robar ruwa. Wani wari ya taso, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ɗaga kai. A saman kanmu babu ko ɗigon gajimare, amma can nesa, ta inda kwarin ya fito, kan duwatsun ya yi baƙi ƙirin. A daidai nan wayata ta yi ƙara a aljihu, saƙon gargaɗin ruwan sama ne.

"Kawu! Fito! Ruwa na zuwa!"

Ya juyo fuskarsa cike da murna, irin murnar da ban taɓa gani a wurinsa ba. Ya nuna mini ruwan da ya fara yin ja.

"Sabon ruwa na, yaro! Jan ruwa! Yanzu kihi ka tasowa. Kai dai ka yi kallo!"

Daga baya ne Inna ta fahimtar da ni abin da yake nufi. A Yawuri idan jan ruwa ya iso, biki ne ga masunta. Shi ke shelar cewa damina ta kama a can sama, kifi ya bar maɓoyarsa ya biyo shi, kowa ya ɗauki homa, ragarsa ta kamun kifi, ya faɗa gulbi. Kuma gulbin can ba ya gaggawa. Da yamma sukan kafa kara a bakin ruwa, da safe su zo su ga ya hau ɗan yatsa ko taki guda. Abin da Kawu ya sani ke nan, da shi aka raine shi, kuma bai taɓa cin amanarsa ba. Bai san ruwan da ke sauka a kan tsurar dutse ba, inda babu ƙasar da za ta sha shi, ya taru daga kwazazzabai ya zubo cikin kwari ɗaya a lokaci guda.

Na ci gaba da ihu, shi kuma ya nuna mini sama da ɗan yatsa, ya ce, "Dubi bisa! Ko ɗis babu!" Ya ma sauko daga dutsen ya tsaya cikin gurbin, ruwa har ƙugu, yana jan zare. Ni idan na tsorata Hausa guduwa take yi daga bakina, sai na ji kaina ina kwarara masa Larabci ina ce masa ya fito, "Ya hali, sel! Sel! Iɗla, wallahi sel!" Mutanen da ke gasa nama sun riga sun bar darduma da komai, uban ya saɓi yaro a kafaɗa suna hawan gangara a guje. Na taka cikin ruwan da niyyar in je in jawo shi, ya kai mini gwiwa, na ji yana jan ƙafata da wani ƙarfi da ba shi da shi ɗazu. Na koma da baya.

Sai muka ji shi. Na yi aiki shekaru a Kudai, na san ƙarar manyan motoci idan sun tashi tare, kuma abin da kunnena ya fara kawo mini ke nan. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Kawu ya daina jan zare, ya karkata kai yana saurare. Daga lanƙwasar kwarin abin ya ɓullo, jajawur, ya fi tsayin mutum, gabansa cike da itatuwa da rassa suna juyawa. Ban san lokacin da na hau gangarar ba. Na dai tsinci kaina a sama, rungume da wata bishiya, faratana sun fashe, sandata da akwatina babu su.

Da na waiga, Kawu yana kan ƙololuwar dutsen, a durƙushe. Yadda dattijo ya yi wannan hawan cikin ƙiftawar ido, Allah kaɗai ya sani. Ƙoramar da na sani ta ɓace. Daga wannan bango zuwa wancan ruwa ne ja, mai kauri kamar kunu, yana tafasa. A ƙarƙashinsa kana jin duwatsu na gwaruwa da juna, gum, gum. Na yi ta fatan in ga ya faɗa ya iyo, ai Basarke ne. Na ga ya leƙa ruwan ta dama, ya leƙa ta hagu, ya bi wani kututture da ido har ya ga yadda ya daki bango ya tsage biyu. Sannan ya ɗago ya dube ni. Tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi faɗin titi ba, na ga fuskarsa sarai. Kawu ya tsorata, kuma ganin haka ya fi ruwan kansa firgita ni.

Na ciro waya. Akwai sabis, ɗan kaɗan. Yana ganin na ɗaga ta sai ya miƙe tsaye a kan dutsen nan mai santsi, yana kaɗa hannu biyu da ƙarfi. Ba na jin abin da yake faɗa, amma ba na bukatar ji. A'a yake cewa. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna sama, ya sake kaɗa hannu. In bar shi da Allah.

Na san abin da kiran nan ke nufi, shi ma ya sani. Masu ceto za su zo, bayansu kuma tambaya za ta zo, wadda muka shekara da shekaru muna kauce mata. Maganar Inna ta kicin tana yi mini amsa kuwwa. Na dubi gefen dutsen, na riƙe wani baƙin tabo da ido, na ce idan ruwa bai kai shi ba zan jira. Ban gama ƙudurawa ba ya shanye tabon. Na zaɓi wata tsaga a samansa, ita ma ta tafi. Wata matacciyar akuya ta wuce ƙafafu a sama.

Sai na ji fushi ya taso mini, fushi na gaske. Wato so yake in tsaya riƙe da waya in kalli ruwa ya ɗauke shi? A tunaninsa idan ya mutu a nan za a ɗauki gawarsa a kai Makka, buri ya cika. Wa ya gaya masa za a sami gawar? Wanda sel ya ɗauka a waɗannan duwatsu, wani a can gangaren Tihama ake tsintarsa bayan kwanaki, wani har abada. Me zan je in ce wa Inna? Na juya masa baya don kada in ga hannuwansa, na danna lambar masu ceto.

Wanda ya ɗauka ya yi mini magana a natse. Ya tambayi wurin, ya tambayi mutum nawa. Na ce ɗaya, kawuna ne, dattijo, yana kan dutse a tsakiyar ruwa. Ya ce kada in kusanci ruwan, kada in kashe waya, suna hanya. Da na juyo, Kawu ya sauke hannuwansa. Ya zauna, ya kau da kai daga gare ni.

Jiran nan ban san tsawonsa ba, kuma ba na so in sani. Ruwa ya kai saman dutsen, ya fara wanke ƙafafunsa. Ya kwanta rub da ciki ya rungume dutsen da hannu da ƙafa. Wani reshe ya zo ya dake shi a kafaɗa, na ga jikinsa ya goce, na yi wata ƙara da ban san daga ina ta fito ba, sai na ga ya sake maƙalewa. Jan ƙyallen da na ara masa ya tafi. Leɓunansa na motsi, na san kalmar shahada yake. Duk addu'ar da na sani ta tsere mini, ba abin da ya rage a bakina sai ya Rabbi, ya Rabbi. Kuma a cikin wannan hali, kowane lokaci na ji kamar jiniya, gabana sai ya faɗi sau biyu, ɗaya don kada ta kasance ba ita ba ce, ɗaya don ita ce.

Suka iso da igiyoyi da rigunan ruwa. Sun yi ƙoƙarin jefa igiya zuwa wancan bango ba sau ɗaya ba kafin ta kama. Wani saurayi a cikinsu, wanda bai kai ni shekaru ba, ya rataya a jikinta ya bi ta saman ruwan nan har kan dutsen. Sai da ya ɓamɓare yatsun Kawu ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙage. Aka jawo su tare. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa na faɗa kansa ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina taɓa fuskarsa, ina taɓa kafaɗar. Jikinsa sanyi ƙalau, yana kaɗuwa. Ya kau da fuskarsa daga gare ni.

Mutanen nan sun yi masa kirki, ba zan ɓoye ba. Suka lulluɓe shi da bargo, suka ɗauko shi a gadon ɗaukar marasa lafiya har sama, suna yi masa barka da arziki da Larabci, alhamdu lillah ala salama, ya ammi. A bakin motar asibiti wani jami'i ya matso da ladabi, ya ce don cike bayani yana son igamar dattijon. Na buɗe baki, na fara wani dogon zance, an manta ta a gida, ruwa ya tafi da ita, ban ma san wanne na faɗa ba. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce ba komai, za a duba da zanen yatsa. Kawu ya ciro hannunsa daga cikin bargon ya miƙa da kansa.

Ya kwana biyu a asibiti a Ɗa'ifa, ƙashin kafaɗa ya tsage. Daga can aka wuce da shi tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Ni ma na sha tawa tambayar da abin da ya biyo bayanta, amma ba shi ne labarin ba. Ranar da na koma Utaibiyya, Inna ta riga ta ji komai ta waya, duk da haka da ta buɗe ƙofa sai ta leƙa bayana, ta dubi matakala. Ta daɗe tana kallon matakalar kafin ta matsa mini in shiga.

Mun yi duk abin da ake yi. Mun bi manya, mun bi masu sanin hanya, kowa ya ce abu ya riga ya shiga na'ura. Wanda aka fitar ta wannan ƙofa akwai shekarun da ba zai sake shigowa ba, kuma a shekarun Kawu mun san abin da hakan ke nufi. An bar mu mun gan shi sau ɗaya kafin tafiya. Ya rame, hannunsa rataye a wuya. Ya yi ta magana da Inna, wa za a ba tabarmarsa, wa za a ba butarsa, ta yafe masa, ya yafe mata. Ni ina tsaye a gefe kamar direban da ya kawo ta. Da lokaci ya cika na matsa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ruwan nan zai tafi da kai ne." Ya dube ni, a karon farko tun kan dutsen.

"Wa ya aike ka?"

Iyakar abin da ya ce ke nan, aka tafi da shi.

Na juya tambayar nan a raina har na gaji. Idan aka mayar da ni gindin bishiyar nan da wayar a hannu, zan sake dannawa, kuma ba zan jira ruwa ya kai tabo ba. Na faɗa wa Inna haka wata rana da zafi, ta ce ta sani, ita ma da ita ce haka za ta yi, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Har yau idan na ji ana jan kujera a benen sama, ko babbar mota ta wuce da nauyi, nakan zabura kafin hankalina ya gaya mini ba komai ba ne.

Yana Yawuri yanzu, a gidan babban ɗansa. Kafaɗar ta warke. Duk Juma'a bayan an sauko yakan kira Inna, su daɗe. Yana tambayarta wa ya rasu a unguwa, a wace salla aka kai shi Harami, mutane sun yi yawa ko. Yana tambayar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har mai shagon ƙasan bene. Bai taɓa cewa a ba ni wayar ba, ita ma ta daina yi masa tayi. Nakan zauna a falo in rage ƙarar talabijin. Daga nan ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa ta bayan labule, yana tari, wani lokaci yana dariya, kuma ba na tashi sai ya kashe.